Mujalla ta koma sabon shafi: a ci gaba da cirar kuɗinmu ko a sake tambayarmu?

Hajiya: Salamu alaikum jama'a. Mujallar da nake biya duk wata ta koma sabon shafi, sun aiko cewa tsohon tsarin cirar kuɗi zai tsaya, kowa ya sake saka katinsa. Ni dai na ce sun kyauta. Duk mujallar da ta canza mai karɓar mata kuɗi, wajibi ne ta dakata ta sake neman izini.

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan "wajibi" ɗin ne ban yarda da shi ba. Mujallar ba ta riƙe lambar katinki, kamfanin karɓar kuɗi irin su Stripe ne ke riƙewa, ita wata lamba ta madadi kawai take gani. A ƙarƙashin PCI DSS, wato ƙa'idar tsare bayanan katin banki, ana iya miƙa bayanan katuna daga wannan kamfani zuwa wancan a kulle. Da mujallar kika yi alkawari. In kuɗin bai ƙaru ba, ranar cira ba ta motsa ba, mene ne ya canza?

Malam: Ranar ce ke motsawa, Injiniya. Ni ya faru da ni a wata jarida. Ranar 3 ga wata ake cire mini, an cire, sai ga wani alat ranar 17 ina tsaye a layin sallah. Na yi zaton an sace katin ne, har na kira banki. Sati uku ina rubuta musu kafin su mayar.

Injiniya: Allah ya huci zuciyarka Malam. Abin da ya faru shi ne sabon tsarin ya fara ƙirga wata daga ranar da aka shigar da sunanka, ba wanda ya gaya masa tsohuwar ranarka. Wani lokaci ma tsohon ba a kashe shi ba, su biyun suna ta cira. Sakacin ma'aikata ne, kuma yana gyaruwa. Inda na san wani lokaci sai an sake tambaya shi ne masu biya ta PayPal, wato asusun biyan kuɗi ta intanet, don amincewar da suka yi a can ba kullum ake iya ɗaukar ta a kai wani kamfani ba.

Yaya Babba: Ku bari in yi magana a matsayin wadda ta yi aiki a ƙaramar mujalla. Ranar da ka ce wa masu karatu su sake saka kati, ka yi bankwana da wasunsu. Suna son mujallar, saƙon ne ya faɗa cikin tarkacen imel, ko suka ce sai gobe. Da wannan kuɗin na wata-wata ake biyan marubuta. Na ga edita zaune yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, muryarsa har ta dishe.

Hajiya: Yaya, wallahi na tausaya. Amma wanda ya ce sai gobe bai dawo ba, ashe mantuwa ce ke biya muku, shi ya daɗe da barin karatu.

Yaya Babba: Wasu haka ne, ban musa ba. Wasu kuwa sai bayan wata biyu su rubuto cikin fushi, wai me ya sa aka rufe musu shafi.

Malam: To a bar maganar sake saka kati, a yi ta sanarwa. A Birtaniya, masu biya ta tsarin Direct Debit, wato cirar kuɗi kai tsaye daga asusun banki, ana sanar da su tun da wuri, yawanci kwana 10 na aiki, in adadi ko rana za ta canza. Ni abin da nake nema ke nan: a gaya mini rana, adadi, da sunan da zan gani a takardar banki.

Injiniya: Sunan nan yana da muhimmanci. In ya canza mutum bai sani ba, sai ya kai ƙara banki a janye kuɗin, mujallar kuma a caje ta.

Hajiya: Akwai kuma tsofaffin masu biya da aka bari a kan tsohon farashi. In sabon tsarin ya ɗora su a kan na yanzu fa, Injiniya?

Injiniya: Nan kam ina bayanki Hajiya. Ko kaɗan aka ƙara, a tsaya a tambaye su kafin a taɓa katin.