Matashin beyar ya addabi sansanin maziyarta: kora, kamawa ko ƙyalewa?

Nafisa:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar namun daji, musamman waɗanda suka san yadda ake tafiyar da manyan gandayen daji na Amurka da Kanada. A ce ga matashin baƙin beyar (wata babbar dabbar daji mai gashi da farata), ɗan shekara ɗaya da rabi, uwarsa ta yaye shi ta kore shi, sai ya fara shawagi a gefen sansanin da maziyarta ke kafa tanti. Yau ya ture kujera, gobe ya ja takalmin wani ya shige daji da shi, jibi a gan shi tsaye yana leƙen gilashin mota. Bai taɓa kowa ba, mutane ma dariya suke yi suna ɗaukarsa hoto. Me ya kamata ma'aikatan gandu su yi, kuma da wanne za a fara? Kora za a yi ta yi, ko kama shi za a yi a kai shi nesa, ko a ƙyale shi tunda ƙuruciya ce ke ɗibarsa?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Ƙyalewa dai babu ita a lissafi. Amma kafin a ɗauki kowane mataki, abu ɗaya ake fara tantancewa: ya taɓa cin abincin mutane, ko har yanzu shinshine-shinshine kawai yake yi? Beyar da ya saba da ganin mutane ya daina gudu daban yake da wanda ya ɗanɗana burodi da tsiran alade ya gane inda suke fitowa. Na farkon ana gyara shi cikin sauƙi. Na biyun kuwa, sau da yawa harsashi ne ƙarshensa. Ana ganewa ta kashinsa, idan akwai guntun leda ko takardar alawa a ciki, da kuma sawun haƙori a jikin kular abinci, da rahoton da maziyarta ke kawowa.

Shekarunsa ma su ne matsalar. Baƙin beyar yana rabuwa da uwa yana da wata 16 zuwa 17, girizli kuwa, wani nau'in beyar da ya fi shi girma, sai ya kai wajen shekara biyu da rabi. Da ya rabu, manyan maza sun riga sun mamaye wuraren kiwo masu albarka, kuma suna iya kashe shi idan ya kutsa musu. Kusa da mutane ne manyan ba su cika zuwa ba, don haka sansani ya zame masa mafaka. Ga yunwa kuma: gab da dogon barcin da yake yi na watanni a lokacin hunturu, beyar na iya cin abin da ya kai kalori 20,000 a rana.

Aikin farko ke nan, a tabbatar ko loma ɗaya bai samu ba. Duk abin da ke da ƙamshi ko wari abinci ne a wurinsa: man goge baki, sabulu, man shafawa, abincin kare, gwangwanin da ba a buɗe ba, tukunyar da ba a wanke ba, har kujerar jariri da madara ta zube a kai. Duka su shiga akwatin ƙarfe mai sakata, dare da rana. Inda aka fi samun ɓaraka shi ne kwandon shara: kwandon yana da kyau, amma ya cika ya tumbatsa, murfi bai rufu ba, sai mai zuwa daga baya ya ajiye ledarsa a gefe. Saboda haka a kwashe shara da yamma kafin duhu, kada a bari sai safiya, sannan ma'aikaci ya zaga da tocila yana taɓa kowace sakata da hannu. Masu kwana a cikin daji, inda babu akwati, su rataye abinci aƙalla mita 3 daga ƙasa da mita 1.2 daga gangar bishiya, ko su yi amfani da gorar abinci mai tauri wadda beyar ba ya iya fasawa. A garin West Yellowstone na Amurka akwai cibiyar da ake miƙa wa girizli irin waɗannan kaya, sai sun jure masa minti 60 kafin a amince da su.

Ba da ka aka koyi wannan ba. A watan Agustan 1967, girizli biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu a dare ɗaya a gandun Glacier, kuma dabbobin sun saba da cin shara. Hukumar gandun Yellowstone ta rufe bololinta a 1970. Hukumar gandun Yosemite kuma a 1998 ta ƙirga ɓarnar beyar sama da 1,500, galibi fasa motoci, kafin a matsa lamba kan dokar adana abinci.

Garba:

Malam Habu ya gama magana kan abinci. Sai dai ba na so a ɗauka sai an kammala wannan kafin a fara kora. Tare ake yi, daga ranar farko.

A fara da shata iyaka, kuma kowane ma'aikaci ya san ta: cikin sansani, wurin ajiye motoci, kewayen gine-gine. Idan yana waje da iyakar yana cin ciyawa ko 'ya'yan itace, a bar shi, mutane za a janye. Da ya tsallako sai ya gamu da tashin hankali nan take, yana tsaka da laifin. Idan aka bari ya koma daji sannan aka bi shi, ba zai haɗa azabar da sansanin ba, an dai wahalar da shi a banza.

Ana hawa mataki-mataki. Da farko ihu, tafi, ƙaho, da bin sa da gudu mutum biyu ko uku. In bai ji ba, danƙo ko bindigar ƙwallon fenti. In ya ƙi, harsashin roba ko na ƙullin tsumma. A ɗuwawu ake harbi, inda tsoka take, ban da kai, ban da haƙarƙari, kuma a kiyaye tazarar da kamfanin harsashin ya rubuta, don ƙaramin beyar ba shi da kitsen da zai tare masa, roba na iya huda shi daga kusa. Bindigar kora a ware ta da alama, kada harsashin gaske ya taɓa shiga cikinta. Akwai kuma harsashin ƙara mai fashewa a iska: dole ya fashe tsakaninka da dabbar, idan ya wuce ya fashe a bayansa, kanka zai koro shi. A busasshiyar ciyawa ma yana tayar da gobara.

Kafin duk wannan a duba hanyar da zai gudu, a tabbatar babu mutane ko titi a wajen. Da ya tsallake iyaka a dakata, nan ne yake gane cewa daji lafiya, sansani wahala. Idan ya haye bishiya, kamar yadda ƙananan baƙin beyar suka saba, kada a harbe shi a can. A janye kowa a ba shi fili ya sauko.

Abin da ke rusa aikin shi ne rashin ɗorewa. A kore shi sau tara, a na goma ya samu kula a buɗe da asuba babu kowa, an koma gidan jiya. Suna da wayo ƙwarai, suna gane kaki da ƙarar motar ma'aikata, su laɓe har ta wuce. Shi ya sa ake sauya lokacin sintiri, wani lokaci a fita cikin kayan gida.

Nafisa:

Na gode, Malam Habu da Malam Garba. To me zai hana a huta da wannan wahala, a kama shi a kai shi can ƙuryar gandu?

Dakta Rabi:

Ƙanwata, shi ne abin da kowa ke fara kawowa, kuma shi ya fi ba da kunya. Beyar na da ƙwarewar komawa gida daga nisa mai yawa. Wanda bai dawo ba, ko ya faɗa yankin wani babban namiji, ko mota ta buge shi a hanya, ko ya kai halinsa wani sansanin. Kuma in dai abincin da ya jawo shi yana nan, wani ne zai maye gurbinsa.

Amfanin kamawa shi ne a san shi. Ana ɗana tarko mai kamar ƙaton bututun ƙarfe a kan tirela, a inuwa, nesa da tantuna, da allon gargaɗi, a riƙa dubawa safe da yamma don zafi na kashe dabba a ciki. A yi masa allurar barci, a rufe masa ido, a riƙa auna zafin jikinsa da numfashinsa, a sa masa lamba a kunne. Idan za a ɗaura masa abin wuya mai GPS, na'urar da ke nuna inda yake, dole a haɗa shi da guntun ƙyallen auduga da zai ruɓe ya tsinke, saboda yana kan girma, in ba haka ba abin zai shaƙe shi. Bayan ya wartsake sarai, a sake shi a nan kusa da inda yake ɓarnar, ana ihu ana harbin roba. Wasu hukumomin suna haɗawa da karnukan Kareliya, 'yan asalin Finland, suna haushi a bayansa.

Idan fa ya fara yaga tanti da mutane a ciki, ko fasa gini, ko bin mutum a baya ba ya jin tsawa, maganar ta wuce kora. A rufe sansanin, ko a hana tantin yadi a bar masu kwana cikin mota kawai, shugabannin gandu su yanke hukunci.

Malam Habu:

Saura maziyarta, su ne suka fi beyar wuyar sha'ani. Allo ba ya isa, sai an gaya wa mutum baki da baki. A Brooks Camp na gandun Katmai da ke Alaska, duk wanda ya sauka sai ya zauna an karanta masa dokoki kafin ya shiga. Tazarar doka a can yadi 50 ce, haka a Yosemite, a Yellowstone kuwa yadi 100, kusan mita 91. Idan motoci suka taru a titi ana kallo, ma'aikaci ya bar giɓi a layin don dabbar ta samu wurin tsallakawa.

A gaya musu tsayuwarsa a kan ƙafa biyu shinshina ce, ba faɗa ba. Huci, kaɗa haƙora da dukan ƙasa da hannu su ne alamar an matsa masa. Idan matashin baƙin beyar ya nufo su don son sani, su dunƙule wuri ɗaya, su ɗauki yara, su ɗaga hannuwa su daka masa tsawa. Ban da gudu, don yana iya kaiwa kilomita 50 a awa, kuma ban da jefa masa jaka don ya ƙyale su, lada ce aka ba shi. Feshin barkono na kaiwa wajen mita 9, a lura da inda iska ke kaɗawa, kuma ba a fesa shi a jikin tanti, ragowar warin jawo beyar yake yi. A duba dokar kowane gandu tukuna: Yellowstone na ƙarfafa a riƙe shi, Yosemite ta haramta.