Neman taimako wajen gano wata tsohuwar waƙa da na ji a rediyo

Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan ina neman wata waƙa da na ji a cikin motar haya, a hanyar Samaru zuwa Kwangila a Zariya, kuma har yau ban san sunanta ko na mawaƙin ba, domin na sauka kafin mai gabatar da shirin ya yi magana.

Waƙar gargajiya ce. Muryar dattijo ce da karin harshen Sakkwatanci, ana goga kukuma, 'yan amshi suna karɓa, kuma daga ƙarar da ke cikin sautin na fahimci daga tsohon faifai ko kaset aka ɗauko ta. Na samu na naɗi daƙiƙa 40 a wayata, sai dai ƙarar inji da hirar fasinjoji sun danne rabin baitukan.

Na kunna wa manhajojin gane waƙa guda biyu wannan sauti, ba su gano komai ba. Na rera karin da bakina, sai aka kawo mini waƙoƙin Indiya. Na rubuta kalmomin da na tsinta a YouTube, da ƙugiya da babu ƙugiya, nan ma shiru. Na san manhajoji irin su Shazam suna kwatanta sauti ne da abin da ke rumbunsu, saboda haka ina zargin ba a taɓa shigar da ita ba. Gidan rediyon kuwa na kira sau biyu, ba a ɗaga ba. Masu tura waƙoƙi a kasuwar Sabon Gari ma sun saurara, ba su gane ta ba.

Shin akwai wani rumbu a intanet da ake iya neman tsofaffin waƙoƙin Hausa ta hanyar rubuta baiti ɗaya ko biyu? Na gode.