Ature aka yi min ko eho?

Ɗan Agege: Salam jama'a. Jiya a Oshodi nan Legas ina ɗauke da buhun albasa wasu yara suka bi ni da "aboki, aboki" har da mai jefo ɓawon lemo, mai iyawa ya amsa min.

Na sauka danfo a Oshodi da rana,
Yara suka bi ni ana ta tsokana,
Aboki! Aboki! har da jifan bayana,
In ba ature ba ne, ku ba shi suna.

Baban Mile 12:
Ature a garinmu ƙasa ake watsawa,
Yara su yi dandazo, dutse ake jefawa,
Kan ɓawon lemo ɗaya ka zo kokawa?
Eho suka yi ma yaro, bar ruɗa Hausawa.

Ɗan Agege: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma kai ka ja.

Mai tumatir ya zama malamin luga,
Kwandonsa ya ruɓe, ƙuda na ta shiga,
Ran kamen okada waye ya ruga,
Ya bar silifas ɗaya, ya faɗa ta taga?

Na Alaba Rago: Wayyo cikina 😂 kamen 2022 ya tono masa! Agege ta ci wannan, a kawo ruwa a yayyafa wa dattijo.

Autan Ketu: ci ina? ku dama ko tari ɗan Agege ya yi cewa za ku yi baiti ne

Malam na Idi-Araba: Ɗan Agege a baitinka na biyu ɗangonka na uku gaɓa 11 ne na huɗu kuma 13, waƙar na ɗingishi, ƙafiya kaɗai ba ta yin waƙa sai da kari. Batun kalma kuwa kowannenku ya kama gefe ne. Eho baki ne zalla, ature kuwa sai an taru an bi mutum a titi ana ihu ana jifa, yadda yara ke yi wa mahaukaci ko ɓarawon da aka kama, kuma ba dole sai dutse ba, ɗan siyasar da aka bi da "ba ma yi" ana jifansa da ledar fiya wata ai ature muke cewa an yi masa.

Na Alaba Rago: Malam mu da kunne muke awo ba da aruli, ilimin awon waƙa na Larabawa, ba, Halilu ɗan Ahmad da ya tsara shi bai taɓa hawa danfo ba balle ya san karin Oshodi.

Malam na Idi-Araba: To kunnen naka ne ke buƙatar wanki. Rera shi da ƙarfi ka ji inda za ka yi tuntuɓe.

Autan Ketu: a silifas ɗin nan zai yi tuntuɓe wallahi

Maman Ilham: Tun ɗazu nake karanta ku ina dariya, ku matsa.

An ce muku aboki kuna ta mamaki,
Mu fa kullum a hanyarmu ta zuwa aiki,
Teburin mai shayi, fito da ihu da tsaki,
Shi wane suna za ku ba shi, ku masu baki?

A kasuwar Yaba jan hannu ake yi kamar an biya sadakinka, har sai da mata suka fito zanga-zanga a 2018, su ma aka bi su da ihu. Amma na bakin layinmu ba Yarbawa ba ne ba Inyamurai ba, da Hausa suke yi. Malam a ƙirga min gaɓa.

Ɗan Agege: Anti ni fa shayi kawai nake sha a wurin, kaina a ƙasa.

Baban Mile 12:
Yanzu na ga saƙo, data ce ta ƙare,
Ranar kamen nan ai mun ruga tare,
Ka faɗa kwata, wandonka ya dare,
Yaran Ketu suka raka ka da ature.

Maman Ilham: Baba ni ba a amsa min ba fa.