Daga Kano zuwa Kalaba a mota: mutum ɗaya da ƙaramin guzuri

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayar hanyar Kalaba sun yi yawa, musamman masu tafiya su kaɗai da kuɗi daidai wa daida. Duk wanda ya taka hanyar ya ajiye mana abin da ya sani. Bari in fara.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta Binuwai: Kano, Jos ko Abuja, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, sai ka shiga Kuros Riba ta Ogoja, ka bi Ikom, Ugep, Akamkpa, mararrabar Odukpani, sannan Kalaba. Ta biyu ita ce ta dogayen motocin dare na Sabon Gari masu zuwa Anaca, Aba da Fatakwal. Ka sauka a Aba, ka sake mota ta Ikot Ekpene da Itu. Ni shawarata ta farko, a raba ta kwana biyu. Ka bar Kano da sassafe, ka kwana a Lafiya ko Makurɗi, gari na wayewa ka kama ta Kalaba. Dalilina ɗaya ne: daga Gboko zuwa Kalaba hanya ce da ake so a yi ta da rana tsaka, a kuma shiga gari kafin magariba.

Tsohon Kamasho:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge ya yi daidai, sai dai raba tafiyar ba ya amfani idan ba ka san yadda ake lodi ba. Motar farko ake nema. A Makurɗi tashoshi suna wajen Wurukum, ka isa ƙarfe 6 na safe. Motar farko cika take da wuri, ta biyu kuwa tana iya kai 11 ba ta ɗaga ba, kuma wanda ya tashi 11 na safe, dare zai riske shi tsakanin Ugep da Akamkpa.

Kafin ka miƙa kuɗi ka leƙa cikin motar. Idan ka ga mutum 6 ko 7 zaune, ba jaka a cinya, ba kaya a but, yawancinsu 'yan zaman cika ido ne, kana biya za su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi takardar sunayen fasinja, ita ce ke faɗin gaskiyar waɗanda suka biya. Sannan ka tambayi direban da kansa, ba kamasho ba: "Har cikin Kalaba za ka, ko Ikom za ka juye mu?" Juye shi ne babban abin da ke cin lokaci. Direba ya ga fasinjansa sun ragu, sai ya sayar da ku ga wata motar, ku zauna jiran ta cika. In dai juyen ya zama dole, kada ka sauke jakarka sai ka ga ya biya sabon direban a gabanka.

Kuɗin kaya ma a gama shi tun a ƙasa. Jaka ɗaya da za ta zauna a cinyarka ba ta da kuɗi.

Baban Ilham:
Ni dai zan ɗan saɓa. Motar dare ta Aba ta fi sauƙi ga aljihu, domin ta ɗauke maka kuɗin ɗakin kwana. Amma tana da sharuɗɗa. Kada ka yarda da kujerar ƙari da ake jerawa a tsakiyar mota, wadda suke kira atacimen. Ba ta da majingina, kuma duk mai fita sai ya tashe ka. Ragin da za a yi maka bai kai ciwon bayan ba. Na biyu, kada ka tashi ranar Lahadi. Za ka wayi gari Litinin a kudu maso gabas, inda aka fara fama da zaman gida na dole na ranar Litinin a 2021, motoci kan yi ƙaranci a wasu garuruwan. Na uku, titin Itu zuwa Odukpani. Manyan motocin dutse da tankokin mai ne ke binsa, da damina idan guda ta kafe ko ta kife, sai layi ya miƙe, a yi sa'o'i ba motsi.

Ɗan Fagge:
Wannan na ukun shi ya sa na fifita ta Ogoja, Yaya. Ita ma tana da ramuka, amma idan ta ɓaci akwai garuruwan da za ka yada zango.

Malam Na-Jalingo:
'Yan uwanmu na Adamawa da Taraba ba sai sun zagaya Makurɗi ba. Daga Jalingo sai Wukari, Katsina-Ala, Ogoja, titi ɗaya ne har Kalaba. A yi yankin Wukari zuwa Katsina-Ala da rana, a tambayi direbobi halin hanya a ranar, ba labarin makon jiya ba.

Shingen bincike yana da yawa, wani wurin kana hango na gaba daga wanda kake tsaye. Katin ɗan ƙasa ko takardar NIN ta kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba. Mai kwamfuta ya riƙe rasit ɗinta. Kuma don Allah kada a saka wuƙa a jaka, ko ta yankan lemo ce. Abin da muka ɗauka ba komai ba a gida, a can bayani mai tsawo yake jawowa.

Batun salla: da ka wuce Lafiya ba kowane direba ne zai tsaya don lokaci ya yi ba. Ka riƙe alwala tun daga tasha, ka yi kasaru, ka haɗa azahar da la'asar a inda aka tsaya cin abinci, tsayuwar ba ta cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. Gorar ruwa ta lita 1 daban don alwala. Alƙibla a Kalaba ta fi ta Kano karkata arewa, wajen digiri 59 daga arewa, ta Kano kuma wajen 68.

Hajiya Mai Atamfa:
Sannunku da ƙoƙari. Ga mata masu tafiya su kaɗai, ki nemi kujerar taga a layi na biyu ko na uku, kusa da wata mace. Layin baya yana kan taya, duk rami a ƙugunki zai sauka. Ki rage shan ruwa da safe, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, saboda yawancin tsayuwar bakin daji ce. Zani ɗaya na daban a jakar hannu yana rufa asiri a irin wurin.

Kuɗi kashi uku: na kashewa a jakar hannu da ƙananan canji, na ajiya a lalita a jiki, sauran a asusu. Kada ki dogara da tura kuɗi ta waya a hanya, sabis yana ɗaukewa a dazukan bayan Ikom. Farashin mota yana bin farashin mai, don haka ki tambayi tasha ana jibi tafiya, ki ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai don abin da ba a zata ba.

Guzuri kuma mai bushewa: dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, burodi, garin kwaki da sukari. Kilishi a cinye shi a kwana biyun farko. Iskar can jiƙe take, yana yin laushi ya fara fumfuna ko a leda yake.

Abu Bogobiri:
Barkanku da zuwa tun kafin ku iso. Mota za ta shigo ta unguwar 8 Miles ta bi titin Murtala Mohammed. Ka ce da mai tasi Bogobiri, kowa ya san ta. Nan ce unguwar Hausawa, ga masallaci, ga masu tsire, ga 'yan canji, kuma ba nisa da kasuwar Watt. Nan za ka samu tuwo da naman da ka san yankansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wasu wuraren sayar da abinci akwai naman kare, wanda suke kira 404, da naman daji. Miyar afang da edikang ikong suna da daɗi, amma ka ce a zuba maka da kifi kawai, ka tambayi abin da aka dafa a tukunyar. Kalmar godiya da Efik ita ce sosongo, tana buɗe fuskar mutane.

Ɗaki kuwa, ka gan shi kafin ka biya. Ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka duba ragar taga, ka shafa katifa da hannu ka ji ko da danshi, ka tambayi ƙarfe nawa ake tada janareta. Kwana ɗaya za ka biya tukuna. Ka zo da gidan sauronka da igiya mita 5, ita ce ta ɗaure shi, ita ce ta shanya. Ruwan sama a nan yana kusan milimita 3,000 a shekara, na Kano bai kai 1,000 ba, kuma daga Yuni zuwa Satumba shadda kan kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Kaya marasa nauyi kala 3, silifas na roba da lema sun wadatar. Waya da takardu a ƙulle a leda.

Watan Disamba kuma na bikin kanibal ne, wato bikin raye-raye da faretin tituna na Kalaba, kuɗin ɗaki yana tashi sosai, ana rufe tituna. Mai ƙaramin guzuri ya zo Nuwamba ko tsakiyar Janairu.

Baban Ilham:
Malam Abu, masu zuwa don ganin teku fa?

Abu Bogobiri:
Gara su sani tun daga gida. Kalaba a bakin kogi take, ba za ka tsaya kan rairayi ka ga igiyar teku ba. Abin da ke cikin gari shi ne wurin shaƙatawa na Marina da gidan tarihin cinikin bayi, da tsohon gidan gwamna na katako da aka kafa a 1884, yanzu gidan tarihi ne a kan tudu yana kallon kogin. Mai son buɗaɗɗen teku sai ya tsallaka zuwa Akwa Ibom: ya shiga jirgin ruwa zuwa Oron, daga nan mota zuwa Eket da Ibeno. A shiga na safe, ruwa ya fi kwanciya, kuma jirgin da bai ba ka rigar hana nutsewa mai maɗauri ba, ka jira na bayansa.