Tiram a Injamena, zai yiwu kuwa ko dai mu haƙura?

Ɗan Kusiri:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku fahimtar da ni. Kazablanka ta Maroko sun buɗe tiram ɗinsu, wato jirgin ƙasa na cikin gari, a 2012, a 2024 suka ƙara layi biyu ya zama huɗu, to mu Injamena ta Cadi me ya hana? Kullum klando, wato 'yan acaɓa, da ƙananan bas ke jigilar mutane daga gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Injamena zuwa kasuwa, ga hatsari ga tsadar mai, abin na damuna wallahi.

Baban Gar, Ngaundare:
Wa alaikumus salam ɗana. Shimfiɗa dogo ba shi ne wahala ba, riƙon shi ne aiki. Adis Ababa ta buɗe nata a 2015 da bashin Sin, jirage 41 aka kawo, ba a yi shekara goma ba fiye da rabi suka kwanta a garaji saboda babu kayan gyara kuma babu kuɗin waje na sayo su. In ba a koya ma yaranmu gyara tun ranar farko ba kuma ba a ware kuɗin kayan a cikin kwangila ba to an sayi ƙarfe ne kawai. Mu nan tun 1974 dogo ya iso Ngaundare ta Kamaru, har yau bai wuce ba balle ya kai Cadi.

Maman Yara, Garwa:
Baba ka manta babbar magana ai, WUTA. Tiram daga wayar sama yake shan wuta, mu da dam ɗin Lagdo ke kusa da mu ma in ruwa ya ja baya sai a koma raba wuta unguwa unguwa, to jirgi ya tsaya da mutane tsakar rana cikin zafin Afrilu fa?

Malam Injiniya:
Gaskiyarki Hajiya. Sannan layi ya bi inda mutane suke, na Abuja an buɗe 2018 amma bai ratsa unguwannin da jama'a suka yi yawa ba, ya tsaya a 2020 sai 2024 ya dawo. Ni a ganina a fara da magudanan ruwa, kowa ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024, sai bas mai hanyarta ita kaɗai irin ta Dakar, in fasinja sun tabbata a ɗora dogo a kan wannan hanyar.

Ɗan Kusiri:
Na gode ƙwarai. Amma Malam su 'yan klando fa, ƙanina da shi yake ciyar da gida, ina za a kai su in bas ɗin ta zo?