Shigar ofis ta tsaka-tsaki: ina iyakarta, kuma a ina mata ke kuskure?

Sabuwar Ma'aikaciya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Takardar kama aiki ta ce shigar ma'aikata ta tsaka-tsaki ce, ba dole sai cikakkiyar kwat ba, amma kuma ban da kayan zaman gida. To ni iyakar ce ban gane ba. Me mace za ta fara saya, guda nawa? Waɗanne kurakurai ne ke ɓata shiga mai ita ba ta sani ba? Kuma jins ya shiga ciki?

Anti Tela:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Kafin ki yi zancen launi ko yayi, duba zaman kayan a jikinki, don mafi yawan ɓarnar daga nan take.

Fara da kafaɗa. Ɗinkin kafaɗar kwat ko shat ya tsaya daidai kan ƙashin kafaɗarki. In ya zubo kan dantse, kamar aro kika yi. In ya hau wajen wuya, bayan rigar zai riƙa ja. Kafaɗa ce ta fi wuyar gyara a wurin tela, saboda sai an kwance hannu da shafi gaba ɗaya, don haka ki sayi wadda ta zauna a kafaɗa ko da ƙugun ya yi yawa. Rage ƙugu aikin rabin awa ne. Hannun kwat kuma ya ƙare a ƙashin wuyan hannu.

Sannan kada ki gwada kaya a tsaye kawai, ai aikin ofis a zaune ake yinsa. Nemi kujera ki zauna. Siket mai kama jiki yakan hau sama da santimita 5 zuwa 8, shi ya sa wanda ya rufe gwiwa a gaban madubi yake barin mace tana ta jan sa a ɗakin taro. Miƙa hannu gaba kamar za ki ɗauko fayil. In tsakanin maɓallan ƙirji ya buɗe baki, rigar ta matse. Ƙara lamba ɗaya a rage miki ƙugu, ko a dasa ɗan maɓallin matsawa daga ciki. Fil ba magani ba ne, yana huda yadi kuma ana ganin ƙyallinsa.

Wando kuwa, ki je wurin tela da takalmin da za ki riƙa sawa da shi. Mai faɗin ƙafa a kalmashe shi ya rage santimita 1 zuwa 2 ya taɓa ƙasa. Mai tsukakkiyar ƙafa ya tsaya a idon sawu. In aljihun gefe yana buɗewa kamar kunne, kwankwaso ne ya matse.

Wani abin da nake gani kullum: zaren da ake ɗinke tsagar bayan sabuwar kwat da shi, da ɗan ƙyallen sunan kamfani da ke hannunta. Don jigila da talla aka sa su. A yanke su.

Mai Yadi:
Anti ta gama da ɗinki, bari in taɓa yadi. Ɗauki gefen rigar ki dunƙule a hannu na daƙiƙa 10, ki saki. In ya fito a yamutse, haka bayanki zai kasance kafin azahar. Lilin zalla haka yake, ga sanyi a jiki amma ba ya riƙe guga. Foliyesta zalla ba ya yamutsewa, sai dai yana riƙe zafi da warin gumi, kuma yana manne wa ƙafa in babu shafi. Gaurayen auduga da ɗan zare mai talewa, kashi 2 zuwa 3 cikin 100, ya fi daɗin zama. In mai talewar ya yi yawa, gwiwar wando takan saki ta yi jaka.

Ɗaga yadin ki kalli haske ta cikinsa. In kina ganin yatsunki, hasken ofis ma zai nuna abin da ke ciki. Kuma farar rigar mama a ƙarƙashin farar shat ita ta fi fitowa fili. Mai launin fatarki ce ke ɓacewa.

Wajen guga, duba hoton dutsen guga a ƙyallen da ke cikin rigar. Ɗigon da ke cikin hoton ne ke nuna iyakar zafi: ɗigo ɗaya kimanin digiri 110 ne a ma'aunin Salsiyos, biyu kimanin 150, uku kimanin 200. Baƙin wando da ya yi ƙyalli a cinya da bakin aljihu, zafin dutse ne ya kwantar da zaren, kuma da wuya ya dawo. Juya shi ciki waje, ko ki shimfiɗa ƙyallen auduga a kai kafin ki goge.

Ki kuma kiyayi haɗa baƙi biyu daga yadi daban-daban da sunan kwat da wando. Ɗaya ya fi koɗewa, a rana sai ya koma kamar ruwan ƙasa. Gara ki bambanta su da gangan, baƙar kwat da wando ruwan toka.

Uwar Ofis:
Ba laifinki ba ne da kika rasa iyakar, 'yar'uwa, ba ta taɓa zama abu ɗaya ba. A Amurka abin ya bazu, har a 1992 kamfanin Levi Strauss mai yin jins ya rarraba wa shugabannin sashen kula da ma'aikata na kamfanoni ƙasidar da ke bayanin irin wannan shiga, don su ma sun rikice. Saboda haka makon farko ki ɗan fi kowa tsari, ki lura da abin da matan da ke gabanki a muƙami suke sawa, sannan ki yi sayayya.

Lissafin farawa: wando ko siket 3 masu launi natsattse (baƙi, ruwan toka, shuɗi mai duhu), riguna 5, kwat 1, rigar sanyi mai maɓalli 1, takalma 2. In kowace riga ta shiga da kowane wando, shiga 15 ke nan, mako uku na aiki ba maimaici. Kada launi ya wuce uku a jiki, kuma mai zane ya zama guda ɗaya.

Jins, sai in kin ga manya suna sawa, kuma mai duhu, marar yaga, marar koɗewa. Wandon roba mai lafe wa jiki, silifa, tishat mai rubutu da kayan motsa jiki ba sa ciki.

Takalmi ki gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Tsinin santimita 3 zuwa 5 ya isa. Robar ƙarƙashin tsini in ta cinye, ƙarfe ya fito yana ƙwas-ƙwas a kan tayil, a sauya ta nan da nan, in ba haka ba tsinin kansa zai lalace. Awarwaro masu kacau-kacau a kan tebur suna damun na kusa da ke. Turare feshi ɗaya ko biyu, ɗakin da ke rufe yana riƙe ƙamshi.

Sabuwar Ma'aikaciya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya: hammatar farar shat da ke komawa rawaya, bilic zai fitar?

Mai Yadi:
A'a, ƙara shi zai yi. Gumi ne ya haɗu da sinadarin alminiyom na man hana gumi, bilic mai kulorin kuma yana ƙara rawayar. Jiƙa wurin da ruwan ɗumi da garin cire tabo mai iskar oksijin na awa ɗaya, ki cuɗa, ki wanke. Kada ki goge rigar sai tabon ya fita, zafi yana kafe shi. Nan gaba ki bari man ya bushe kafin ki sa riga.