Mama tana takaba, an ce mu tashi daga gida

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min, kaina ya kulle.

Baba ya rasu watan jiya, Mama tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10 ɗin ko rabi ba ta yi ba, gidan kuma na haya ne a Kurna nan Kano kuma kuɗin hayar ƙarshen watan nan zai ƙare. Mai gidan ya riga ya sayar, wanda ya saya ya ce rushewa zai yi ya fitar da shaguna, har an sauke yashi da bulo a ƙofar gida.

Na bi ta wajen dillali na ce zan biya wata uku, aka ƙi. Mai unguwa ya sa baki, sati biyu kawai aka ƙara mana. Na samo ciki da falo a Rijiyar Lemo amma Mama ta ce ba inda za ta sai ta fita takaba, kullum kuka, baffanninmu kuma sun ce ko tabarmar Baba kar a ɗaga kafin rabon gado.

Malamai, ya halatta ta ƙarasa takabar a sabon gidan tunda tashin ya zama dole?